Leza, Ƙarfe da Kofin Ruwa: Yadda Ake Ƙera Ƙwayoyin Nano na Oksayid

Da iPhone 8 ta fito a 2017, bayan wayoyin Apple ya koma gilashi, kuma gam ɗin da aka manne shi da shi a lokacin yana da taurin da zafi kaɗai ba ya saurin sassauta shi. Shi ya sa wasu manyan shagunan gyaran waya suka sayi wata na'ura mai kama da akwati. Ana ɗora wayar da bayanta ya fashe a ciki, a danna maɓalli, sai wani ɗigon haske ya shiga kai-kawo a kanta yana ƙara kamar ƙudan zuma, hayaƙi na tashi. Hasken yana ratsa gilashin, ya ƙone fenti da gam ɗin da ke ƙarƙashinsa, sannan mai gyara ya ɓamɓare gilashin. Da irin wannan na'ura ta leza ce kuma ake zana suna a jikin kofin ƙarfe ko zobe.

Idan hasken nan ya sauka a kan ƙarfe, hayaƙin da ke tashi ɓurɓushin ƙarfen ne, wanda ya ƙanƙance har ido ba ya iya rarrabe ƙwayoyinsa. A shagon gyara, datti ne da ake zuƙewa da fanka. A ɗakin binciken kimiyya kuwa, shi ne hajar da ake nema. Dabarar ita ce a nutsar da ƙarfen a cikin ruwa kafin a harbe shi, ta yadda duk abin da ya tashi zai tsaya a cikin ruwan. A littattafan kimiyya ana taƙaita sunan wannan hanya da LAL ko PLAL, ma'ana zaizaye ƙarfe da leza a cikin ruwa.

Mene ne nano, mene ne oksayid?

Nanomita ɗaya kaso ɗaya ne cikin biliyan na mita. Kaurin silin gashin mutum yana kaiwa wajen nanomita 80,000. Ƙwayoyin da ake kira na nano su ne masu girma tsakanin nanomita 1 zuwa 100.

Amfanin wannan ƙanƙanta yana cikin faɗin fuska. A ɗauki dunƙulen ƙarfe mai siffar sukarin iyali, santimita ɗaya a kowane gefe. Faɗin fuskokinsa shida gaba ɗaya murabba'in santimita 6 ne. Idan aka yayyanka shi zuwa ƙananan dunƙula masu nanomita 10, nauyinsa bai canza ba, amma jimillar fuskokin ta zama murabba'in mita 600, wato ta fi fuloti guda mai ƙafa 50 a 100. Tunda a fuska ne ƙarfe ke haɗuwa da iska da ruwa da haske, abin da ke da fuska mai yawa haka ya fi saurin aiki nesa ba kusa ba. Dalilin da ya sa garin sukari ya riga dunƙule narkewa a shayi ke nan, sai dai a nan bambancin ya ninka sau miliyan.

Oksayid kuma shi ne abin da ake samu idan ƙarfe ya haɗu da iskar oksijin. Tsatsa ita ce misalin da kowa ya sani, wato oksayid na baƙin ƙarfe. Tutiya na da nata, fari ne, ana rubuta shi ZnO. Titaniyom na da TiO2, kuza na da SnO2, jan ƙarfe na da CuO da Cu2O. Mutane suna ɗaukar tsatsa a matsayin lalacewa, amma wayar hannu cike take da danginta. A yawancin wayoyi, shimfiɗar da ke gane taɓawar yatsa a fuskar waya oksayid ce ta indiyom da kuza, wadda ke wuce da lantarki alhali haske na ratsa ta. Batirin waya yana aiki da oksayid na litiyom da kobal, wanda John Goodenough da abokan aikinsa suka nuna amfaninsa a 1980. Gilashin waya da na kyamara kuwa, da garin oksayid na seriyom ake goge irinsu har su yi sheƙi.

Daga ina abin ya faro?

Theodore Maiman ya kunna leza ta farko a duniya a 1960 a jihar Kalifoniya ta Amurka, da dutsen yaƙutu. Da irin wannan leza ta yaƙutu ne P. P. Patil da S. B. Ogale da abokan aikinsu a jami'ar birnin Pune da ke Indiya suka harbi baƙin ƙarfe da ke nutse a cikin ruwa, suka wallafa sakamakon a 1987. Abin da suka gani a fuskar ƙarfen shi ne wani nau'in oksayid da ba a saba samu a yanayin ɗaki ba. A lokacin hankalinsu yana kan fuskar ƙarfen, ba kan ruwan ba.

Sai a 1993 aka juya ga ruwan. Anton Fojtik da Arnim Henglein a Balin ta Jamus, da kuma ayarin Therese Cotton a jihar Iowa ta Amurka, kowannensu ya nuna cewa ruwan da aka yi aikin a cikinsa yana ɗauke da ƙwayoyin ƙarfe masu ƙanƙantar nano. Ayarin Cotton yana neman ƙwayoyin azurfa ne masu tsabtar fuska don wani awo na haske, domin waɗanda ake haɗawa da sinadarai suna zuwa da ragowar sinadaran manne a jikinsu suna ɓata awon. Wannan buƙata ta tsabta ita ce har yau babbar hujjar hanyar.

Kayan aiki

Wanda ya ga shirin a karon farko zai yi mamakin sauƙinsa. Kofin gilashi, ruwan da aka tace har babu gishiri a cikinsa, ɗan farantin ƙarfe tsantsa a gindin kofin, gilashin tattara haske a sama, sai ita lezar. Ana barin ruwa ya rufe farantin da 'yan milimitoci zuwa wajen santimita ɗaya. Ana kuma juya farantin ko a riƙa matsar da hasken, don kada ya haƙa rami a wuri ɗaya, sannan ana motsa ruwan.

Lezar da aka fi amfani da ita ana kiranta Nd:YAG, an ƙirƙiro ta a 1964 a ɗakunan binciken Bell na Amurka. Tsawon zangon haskenta nanomita 1064 ne, wato infirared, dangin hasken rimot ɗin talabijin da ido ba ya gani. Ana iya mayar da shi kore mai nanomita 532, ko UV mai nanomita 355. Lezar zane irin ta shagon gyara ma tana aiki ne a kusa da 1064, kuma akwai masu bincike da suka yi amfani da irinta wajen wannan aiki saboda arharta.

Hasken ba ya zuwa a miƙe kamar na tocila. Harbi-harbi yake zuwa, kowane harbi na ɗaukar wajen nanodaƙiƙa 10, lokacin da ko haske kansa mita uku kawai zai yi tafiya a cikinsa. A nan ne sirrin yake. A ce kowane harbi na ɗauke da makamashi milijul 100, kuma ana harbi goma a daƙiƙa. Matsakaicin ƙarfin lezar wat ɗaya ne kacal, bai kai na cajar waya ba. Amma tunda an dunƙule makamashin cikin nanodaƙiƙa 10, ƙarfin kowane harbi yana kaiwa megawat 10, daidai da ƙananan janareto dubu goma masu kilowat ɗai-ɗai. Idan aka tattara shi a ɗigo mai faɗin rabin milimita, ƙarfin da ke sauka a wurin ya ninka na hasken ranar tsaka sau wajen biliyan hamsin.

Abin da ke faruwa a harbi ɗaya

Da ido, mai kallo zai ga ɗan walƙiya a kan farantin, ya ji ƙara "ƙas, ƙas". A cikin wannan ɗan walƙiyar abubuwa huɗu ne ke bin juna.

Da farko fuskar ƙarfen tana shanye hasken. Ba ta samun sararin rarraba zafin zuwa sauran jikinta, don haka wata siririyar shimfiɗa ta narke, ta tafasa, ta fashe. Zafin yana kaiwa har ƙwayoyin zarra su saki wasu daga cikin ilektaron ɗinsu, abin ya zama filasma, irin yanayin da ake samu a cikin walƙiyar hadari da bakin wutar walda. Zafin filasmar yana kai dubban digiri.

A sararin iska, wannan filasma za ta bazu ne kawai. A cikin ruwa babu wurin gudu, domin ruwa ba ya matsuwa cikin sauƙi. Sai filasmar ta kasance a maƙure tsakanin ƙarfe da ruwa, matsin cikinta ya hau har ya kai ninki dubu goma na matsin iskar da ke kewaye da mutum, wani lokaci fiye. Wannan matsi ne ke aika girgiza cikin ruwan da cikin ƙarfen, ita ce ƙarar da ake ji. Masana'antar jiragen sama ma tana cin moriyar wannan girgiza: ana harbin fuka-fukan cikin injin jirgi da leza ta ƙarƙashin shimfiɗar ruwa don a ƙara musu juriya ga tsagewa.

Filasmar ba ta daɗewa, tana mutuwa cikin kamar kaso ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ko ƙasa da haka. Amma kafin ta mutu ta riga ta tafasa ruwan da ke jikinta, har ta farfasa wasu ƙwayoyin ruwan zuwa haidurojin da oksijin da wasu gutsattsari masu zafin nama wajen haɗuwa da ƙarfe. Tururin da ya samu sai ya kumbura ya zama kumfa guda mai siffar ƙwarya a kife a kan farantin. Da leza irin wadda aka ambata, faɗin kumfar kan kai milimita ɗaya zuwa 'yan milimitoci, rayuwarta kuma ba ta kai kaso ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Tana kumbura, ta tsuke, wani lokaci ta sake tasowa ƙarama sau ɗaya ko biyu.

A ƙarshe kumfar ta rushe, ta saki abin da ke cikinta. Masu bincike a Jamus sun leƙa cikin irin wannan kumfa da hasken eksire mai tsananin ƙarfi, suka tarar ƙwayoyin nano suna ciki tun kafin ta rushe, kuma kashi biyu ne: ƙanana masu wajen nanomita goma ko ƙasa, da manya masu nanomita gommai. Ana danganta ƙananan da tururin ƙarfe da ya daskare, manyan kuma da ɗigon narkakken ƙarfe da aka fesar daga fuskar farantin. Wannan rabuwa gida biyu tana daga cikin manyan ciwon kan masu aikin, domin mai buƙatar ƙwayoyi yawanci girma ɗaya yake so.

Duk maƙeri ya san cewa ƙarfen da ya yi ja a wuta, idan aka tsoma shi a ruwa, taurinsa ya bambanta da na wanda aka bari ya huce da kansa. Saurin hucewa yana kama ƙwayoyin zarra kafin su koma jerinsu na asali. Haka yake a nan, sai dai saurin ya wuce misali. Shi ya sa ake samun nau'o'in da ba a samu a yanayi na yau da kullum, kamar wanda aka gani a Pune. A ƙarshen shekarun 1990 ma masu bincike a Sin sun samar da ƙananan ƙwayoyin lu'ulu'u ta hanyar harbin girafayit, sinadarin bakin fensir, a cikin ruwa.

Yadda ƙarfe ke komawa oksayid

Ba kowane ƙarfe ne ke tsatsa ba. Zinare da filatinom suna fitowa a matsayin ƙarfe, ruwan zinare ma yakan koma ja kamar zoɓo mai ruwa-ruwa, launin da Michael Faraday ya yi bayani a kansa a Landan tun 1857. Amma tutiya da titaniyom da baƙin ƙarfe da jan ƙarfe da alminiyom masu kwaɗayin oksijin ne. Suna fitowa da zafi, cikin tururi, da faffaɗar fuska, nan take su kama oksijin daga ruwan da kuma iskar da ta narke a cikinsa. Wato ruwan yana aiki biyu, shi ne akwatin ajiya kuma shi ne sinadarin haɗi. Ba a buƙatar zuba wani abu.

Tutiya ce misalin da ya fi sauƙin fahimta. Idan aka harbe ta a cikin ruwa tsantsa, ruwan kan fara da launin toka ko ƙasa-ƙasa, alamar akwai sauran ƙarfe a cikin ƙwayoyin. Idan aka ajiye shi, a hankali sai ya koma fari-fari kamar an ɗiga madara, domin ƙarfen ya gama komawa ZnO. Idan kuwa aka zuba wani sinadari dangin sabulu da ake kira SDS da yawa kafin a fara, sai ya lulluɓe ƙwayoyin ya rage musu haɗuwa da ruwa, a samu ƙwaya mai cikin tutiya da ɓawon ZnO, kamar gyaɗa a cikin kwasfarta.

Jan ƙarfe ya fi rikici. Yakan fito a gauraye, ƙarfe da Cu2O, kuma ya ci gaba da sauyawa a cikin kwalba na kwanaki har ya karkata zuwa CuO. Ɗalibin da ya auna samfurinsa ranar farko ya sake aunawa bayan mako biyu zai iya samun abu biyu daban, kuma duka awon daidai ne. Baƙin ƙarfe shi ma yakan ba da gaurayen oksayid iri-iri, wasunsu maganaɗisu na jan su. Titaniyom kan ba da ruwa mai ɗan shuɗi-shuɗi, saboda a cikin jerin ƙwayoyin zarrarsa akwai guraben da oksijin bai cike ba.

Canza ruwa yana canza sakamako. A cikin itanol ko asiton, tsatsar tana raguwa. A cikin ruwaye masu yawan kabon kamar toluwin, zafin yana farfasa ruwan kansa, ƙwayoyin su fito da rigar kabon. Mai son oksayid cikakke kuma yakan ƙara haidurojin feroksayid, ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi. Wata hanyar ita ce a fara da dunƙulen oksayid ɗin kansa a matsayin faranti.

Ta ɓangaren leza ma akwai abubuwan murɗawa. Ruwa yana shan hasken 1064 fiye da kore, shi ya sa ba a cika zurfin ruwa. Kore da UV kuma ƙwayoyin da aka riga aka samar sun fi shan su, sai su ƙara farfashewa, girmansu ya ragu, amma hasken da ke isa farantin ya ragu shi ma. Akwai kuma lezoji masu harbin da ya fi nanodaƙiƙa gajarta sau dubu ko sau miliyan, waɗanda ke gama zuba makamashinsu kafin zafi ya bazu a ƙarfen. Dabarar ƙarfafa irin waɗannan gajerun harbi ce Donna Strickland da Gérard Mourou suka fito da ita a 1985, ta kai su ga kyautar Nobel a 2018.

Ta yaya ake sanin abin da aka samu?

Gwajin farko ba ya buƙatar kuɗi. Idan aka ratsa siririn haske ta cikin ruwa tsantsa a ɗaki mai duhu, ba a ganin hanyarsa. Idan akwai ƙwayoyi a ciki, hanyar hasken za ta bayyana, kamar fitilar mota a cikin hazon hunturu. Wannan yana nuna akwai wani abu, amma ba ya faɗin mene ne.

Sauran sai da na'urori. Ɗaya tana auna irin hasken da ruwan ke sha: ZnO, alal misali, yana shan UV da ke ƙasa da wajen nanomita 370, shi ya sa ake sa shi a man kare fata daga rana. Madubin ƙara girma mai aiki da ilektaron yana nuna siffa da girman ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya. Eksire yana bayyana jerin ƙwayoyin zarra, a gane ko CuO ne ko Cu2O. Akwai kuma awon cajin lantarkin da ke fuskar ƙwayoyin. Idan cajin ya yi ƙarfi, suna ture juna su zauna a cikin ruwa na watanni. Idan ya yi rauni, sai su dunƙule su kwanta a gindin kwalba. Oksayid da dama, har da TiO2, cajinsu yana rauni a ruwa tsantsa, don haka kwanciya matsala ce da ake yawan fama da ita.

Me ya sa za a wahala da leza?

Tambayar tana da nauyi, domin akwai hanyoyi masu arha. Masana'antu suna samar da garin TiO2 mai ƙwayoyin nano tan-tan ta hanyar ƙona wani sinadarin titaniyom a harshen wuta. A ɗakin gwaji ma ɗalibi zai iya haɗa gishirin tutiya da soda ya samu ZnO da rana ɗaya.

Amsar tana komawa ga fuska. A hanyar haɗa sinadarai a ruwa, ana yawan buƙatar wani abu da zai naɗe ƙwayoyin don ya hana su girma da dunƙulewa, kuma akwai ragowar gishiri. Duk waɗannan suna zama a daidai wurin da ake son aiki ya gudana. Wanke su wahala ne, ƙone su kuma yakan sa ƙwayoyin su manne da juna su rasa ƙanƙantarsu. Ƙwayar da aka yi da leza a ruwa tsantsa tana fitowa tsirara.

Sensar iskar gas ta nuna muhimmancin haka. Naoyoshi Taguchi na Japan ya ƙera ta a shekarun 1960, kuma jikokinta ne ke cikin yawancin na'urorin da ke ƙara idan gas ɗin girki ya zube. A cikinta akwai shimfiɗar SnO2 da ake zafafawa zuwa ɗaruruwan digiri. Oksijin na iska yana manne wa fuskar ƙwayoyin ya riƙe ilektaron ɗinsu, lantarki ya yi wahalar wucewa. Da gas ya zo sai ya kwashe oksijin ɗin, ilektaron su samu 'yanci, lantarki ya ƙaru, na'ura ta yi ƙara. Duk aikin a fuska yake, kuma an gano cewa idan ƙwayoyin suka yi ƙasa da nanomita goma, kaifin sensar yana ƙaruwa sosai. Yanzu an ƙanƙantar da irin wannan sensa zuwa 'yan milimitoci, har wayar Cat S61 ta 2018 ta zo da mai auna ingancin iskar ɗaki.

Guraben oksijin da saurin hucewa ke bari su ma riba ne. Tun da Akira Fujishima da Kenichi Honda suka nuna a 1972 cewa TiO2 na iya raba ruwa da taimakon haske, ake neman amfani da shi wajen lalata gurɓatattun sinadarai a ruwa. Cikas ɗinsa shi ne UV kaɗai yake sha, alhali UV ɗan kaso ne ƙarami na hasken rana. Nau'in da ke da gurabe yana iya shan wani ɓangare na hasken da ido ke gani, kuma leza hanya ce ta samar da shi. Ga mai bincike kuma akwai wata fa'ida: idan yana son gwada wani ƙarfe daban, faranti kawai zai canza, ba sai ya koyi sabon haɗi ba.

Inda gizo ke saƙar

Yawa. Leza ta ɗakin gwaji mai harbi goma a daƙiƙa tana samar da 'yan miligiram ne a awa guda. A wannan tafiya, cika cokalin shayi zai ci makonni.

Mutum zai ce a ƙara yawan harbin mana. Matsalar ita ce kumfar nan. Idan harbi na biyu ya zo kumfar na farko ba ta rushe ba, sai ta tarwatsa shi kafin ya isa ƙarfe. Ga kuma ƙwayoyin da suka taru a ruwan suna tare hanya. Ayarin Stephan Barcikowski da Bilal Gökce a Jami'ar Duisburg-Essen ta Jamus ya kewaye matsalar a 2016 da leza mai wat 500, wadda ke iya harbi miliyan goma a daƙiƙa, da wani madubi mai fuskoki da yawa da ke juyawa yana gudu da ɗigon hasken har mita 500 a daƙiƙa, fiye da gudun sauti a iska. A wannan gudu, kowane harbi yana sauka wajen maikiromita 50 gaba da na bayansa, ya tsere wa kumfar. Ruwan kuma gudana yake yi yana kwashe ƙwayoyin. Da haka suka kai wajen giram 4 a awa.

Babban ci gaba ne, amma giram 4 ba tan ba ne. Ga zinare da filatinom, waɗanda giram ɗinsu ke da tsada, lissafin yana iya fita. Ga ZnO da TiO2 da ake sayarwa buhu-buhu, da wuya leza ta yi gogayya da harshen wuta. Gurbinta yana inda ake buƙatar kaɗan mai tsabta ƙwarai: sensa, binciken magani, da gwajin sababbin haɗe-haɗe.

Saboda haka, oksayid ɗin da ke cikin wayoyin da ke kasuwa ba ta wannan hanya ake yin su ba. Shimfiɗar fuskar waya ana fesa ta ne a cikin akwatin da aka zuƙe wa iska, garin batiri kuma a tanda ake gasa shi. Haka ruwan da ake tallatawa da sunan "nano" don kare sikirin, yawancinsa haɗin silika ne na sinadarai, ba ruwansa da leza. Yana iya sa yatsa ya riƙa sulɓi, amma shimfiɗar da ido ba ya gani ba za ta maye gurbin gilashin kariya ba idan waya ta faɗi a kan siminti.

Haɗarin da ke ciki

Bidiyon wannan aiki yana sa mutum ya ga kamar wasa ne, kofi da ruwa da haske. Lezojin da ake amfani da su suna aji na huɗu, aji mafi haɗari. Hasken 1064 ba a ganinsa, don haka ido ba ya ƙiftawa don kare kansa, amma yana ratsawa har cikin ido ya ƙone shimfiɗar gani, kuma wannan ƙuna ba ta warkewa. Ba sai ya shigo kai-tsaye ba, wanda ya dawo daga fuskar ruwa ko jikin agogon hannu ma ya isa. Tabarau na rana ba ya tare shi, sai wanda aka yi musamman don wannan zango. Wannan ya shafi mai gyaran wayar da ke buɗe murfin na'urarsa yana leƙawa. Ya kuma shafi ƙananan lezoji kore masu kama da biro da ake wasa da su: ba za su iya zaizaye ƙarfe ba, amma masu arha daga cikinsu suna zubar da infirared tare da koren hasken idan ba a sa musu matata ba.

Aiki da itanol ko asiton yana ƙara haɗarin gobara, tunda ana haɗa tartsatsi da ruwa mai kama wuta. Ƙwayoyin kansu kuma, zamansu a cikin ruwa shi ne kariyar mai aiki. Masu walda sun san zazzaɓi da ciwon jikin da ke kama mutum 'yan sa'o'i bayan ya yi waldar ƙarfe mai rufin tutiya a wuri marar iska. Farin hayaƙin da ya shaƙa ƙananan ƙwayoyin ZnO ne, dangin waɗanda ke cikin kofin. Shi ya sa ba a busar da ruwan ya koma gari sai a ƙarƙashin na'urar zuƙe iska, ba a kuma zubar da shi a kwata, domin ZnO da CuO guba ne ga kifi da sauran halittun ruwa.